Muryar da ta kira Sama'ila

Laraba da dare, Garhanga

Yau na kunna ma ƙananan yaran ajinmu na majami'a sabuwar tablet, wata na'ura kamar babbar waya, mai karanta labarun Littafi Mai Tsarki. Da munka kai inda Ubangiji ke kiran yaro Sama'ila, sai muryar namiji ta kira sunan a hankali, har sau biyu. Sama'ilan ajina, ɗan shekara huɗu, ya ce "Na'am," ya miƙe tsaye.

Kakarshi, Inna Tamo, tana bakin ƙofa, ta zo ɗaukarshi. Ta ce, "Madam, wa ya kira shi?" Na nuna mata tablet. Ta ce, "Mu nan ba a amsa kira sai an ga mai kiran. Haka ubanshi ya amsa a gona, bai ga girbin hatsin ba." Ta tofa mishi a ka, ta goya shi, sunka tahi.

Dariya ma na yi. Amma da la'asar, ina rufe aji, na ji an kira sunana daga bayan darni. Tablet tana cikin jakata, a kashe. Wataƙila maƙwabciya ce. Ni mai koya ma yara amsa kiran Ubangiji, ban amsa ba, ban kuma leƙa ba.