Sunan Mahauci a Cikin Takardar Baba

Yaya,

Wai ka karanta abin da ka rataye wa duniya kuwa, ko ka dai tsaya a gefensa ne kana washe baki a ɗauke ka hoto?

Inna ta sa na karanta mata wannan layin, ta ce ko kai za a yanke wa mutum ai a fara yi masa sallama. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da sanyin garinku. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan jikinmu ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa, Kawu Direba ya gyara motarsa, matarsa ta sauka lafiya an sami mace. Hankalinmu ne ba ya kwance. Na kira ka sau goma sha ɗaya tun shekaranjiya ba ka ɗauka ba, shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna. Zan ɗauki hoton wasiƙar in tura maka, in tura wa Anti ma, don kada gobe ka ce ba ka gani ba.

Bari in tuna maka daga farko, tunda na san ka da mantuwa idan magana ba ta yi maka daɗi ba. Kai ka kai sunan Baba wurin masu baje kolin takardun hannu na ƙasashen duniya da ake yi a garinku. Kai ka ce shekara arba'in yana daka tsumma da tsofaffin takardu a turmi, yana tsoma rariya a kwamin ruwan markaɗe yana fito da takarda, kuma ba wanda ya san shi sai masu naɗe turare. Mun ji daɗi, wallahi. Baba ya yi wata biyu a kan babbar takardar nan mai tsayin ƙofa. Ka san yadda yake yi. Damƙi na ƙarshe ba ya daka shi, da hannu yake yayyaga shi ƙanana ya watsa a ruwa, sannan ya sake tsoma rariya ya rufe su da siririn markaɗe, sai launinsu ya riƙa leƙowa daga ciki kamar fure a ƙarƙashin ruwa. A wannan karon wasu ƙananan takardu masu ruwan hoda ya samu a buhun da Dogo mai kawo mana tsofaffin takardu ya sauke. Launin ne ya burge shi. Baba bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, a wurinsa rubutu ado ne kawai.

Ni na sani. A cikin buhunan nan na koyi karatu, lokacin da kai kake aji da takalmi da jaka, ni ina tsince ƙusa da roba daga shara. Takardun nan na sakamakon gwajin jini ne daga wani ƙaramin asibiti. Na ware su gefe don in ƙone, na tsaya karantawa saboda shegen son sani irin nawa, aka aike ni sayo igiya, kafin in dawo sun shiga kwami. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Amma ranar da muka shanya takardar a kan igiya, rana ta bugo ta daga baya, na ga rubutu ya fito tar. Sunaye uku suna karantuwa, ɗaya har da abin da aka samu a jinin mai shi. Nan take na kira ka. Ka tuna abin da ka ce? Ka yi dariya, ka ce Auta akwai tsoro kamar farar kura, ka ce a bango za a manna ta, babu hasken da zai bi ta baya, kuma wa ya san mutanen layinmu a can. Har ka ce guntayen rubutun nan su ne alƙalan gasar baje kolin za su fi so. Ka hana ni gaya wa Baba don kada ya fasa. Ni kuma na yi shiru, saboda kai ne mai digiri.

To ga shi ba a bango suka manna ta ba. Sun rataye ta a tsakiyar ɗaki, sun kunna mata fitila daga baya. Kai da kanka ka turo hoton a zauren danginmu na waya, kana tsaye da kwat. Goggo don murna ta tura wa matan layi. Mai gyaran waya na bakin kwana ya buɗa hoton da yatsu biyu don ya nuna wa mutane kyan aikin, sai ga sunan Mahauci, cikakke har da na mahaifinsa, da ciwon da shekara biyu yana ɓoye wa kowa. Kafin la'asar babu wanda bai gani ba.

Yaya, ka san Mahauci. Shi ne yake ajiye wa Inna ƙashi mai ɓargo tun muna yara. Kwana uku ke nan ba wanda ya sayi ko tsoka ɗaya a teburinsa, naman ya yi ta rataye har ya sauya launi. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Jiya da hantsi ya shigo wurin aikinmu. Da ya yi zagi da na fi samun natsuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin kwami ya sa hannu yana juya ruwan a hankali, ya tambayi Baba ko akwai abin da ya taɓa yi masa. Baba ya rantse bai sani ba. Mahauci ya ce to shi ya sani yanzu, duniya ma ta sani. Ya goge hannunsa a jikin wata sabuwar takarda da ke shanye, ya fita. Wuƙarsa tana ɗaure a ƙugunsa kamar kullum, ban taɓa lura da tsayinta ba sai jiya.

Ƙannensa su ba su iya shiru ba. Sun tsinke mana igiyoyin shanya, aikin mako guda ya faɗa cikin kwata. Ƙaraminsu ya tsaya a ƙofa yana kaɗa kwalin ashana, ya tambaye ni ko takarda tana tsoron wuta. Ka san ɗakin aikinmu, daga ƙasa har rufi takarda ce da busasshen tsumma, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da inda Inna take kwana. Yanzu na cika bokitai shida da ruwa na jera a bayan ƙofa. Ko babur ya tsaya a waje sai na tashi na leƙa. Sauran mutum biyun da sunansu ke ciki ba a gano su ba tukuna, don hoton bai fito da su sosai ba. Ni na san su. Ɗaya mace ce, kuma kullum tana wucewa ta gaishe da Baba.

Kawu Direba ya shiga tsakani da ƙyar. An tsayar cewa dattawan layi za su zauna ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar wurin aikinmu, da Mahauci da 'yan'uwansa, a ji yadda aka yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da Baba ya shirya faɗa. Ya ce zai gaya musu shi kaɗai ya yi, ba wanda ya gani, ba wanda ya sani, don kada a ɓata maka suna a wurin mutanen da suka karrama ka. Tsoho mai shekara saba'in zai tsaya ya yi ƙarya a gaban mutumin da ke ganin da gangan aka tona masa asiri. Na gaya wa Baba gaskiya duka yau da safe. Ya ce in rufe bakina, ɗa ɗaya ya fita ya zama mutum, ba za a jawo shi ƙasa ba. Tun lokacin bai taɓa rariya ba, yana zaune a kan turmi yana kallon hannuwansa.

An ce ranar Asabar za a buɗe wa jama'a ɗakin baje kolin, kowa da wayarsa. Ka je yau, ba gobe ba, ka sa su kashe fitilar nan su sauke takardar. In sun ce sai an cika wata takarda, ka cika. In sun ƙi, ka sa hannu ka yage ta. Baba zai iya yin wata, Mahauci ba zai iya sake wani suna ba.

Ka gaida Anti, ka ce mata na gode da littattafan da ta aiko. Ka shafa mini kan 'Yan Biyu. Inna tana gaishe ku, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda sanyi. Goggo ma tana gaisuwa, ko da yake kuka ya hana ta fita tun ranar. Kawu Direba ya ce bai da gaisuwa sai ka ɗauki waya.

Ranar Alhamis zan tashi a gaban dattawa in faɗi nawa laifin, ko Baba ya so ko bai so ba. Daga nan zan kira ka, in buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, in ɗora ta a kan turmi a tsakiyar mutane. Tambaya ɗaya zan yi maka, Mahauci yana ji: na gaya maka akwai sunaye a ciki, ko ban gaya maka ba? Ka ɗauka ka amsa da bakinka. In kuma ka bar ta tana ta ƙara, to duk layi zai tsaya ya saurari ƙarar har ta yanke.

Ƙaninka,
Auta