Unguwa Ta Tashi Ta Bar Ni

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Don Allah ka taimake ni da magana, na rasa wanda zan faɗa ma abin da ke cina. Ban iya rubutu ba, malamin asibitinmu na roƙa ya rubuta mini, kuma ya yi alkawarin karanta mini amsarka.

Ni mace ce a Illela, a tsohuwar unguwa ta bakin fadama. Mijina Idi falke ne, da jakai shike kai goro Ƙonni ya komo da kanwa. Ya rasu ya bar ni da ɗiya guda, Ruƙayyatu, tana aure can ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki. Daddawa nike yi, da ita nike ci.

Bara hukumar En'e ta aiko masu awo da igiya da turaku, sunka fidda sabuwar unguwa bisa tudu kusa da hanyar mota. Anka ce tamu ruwa na cinta duk damina, ga sauro, ga kuma masu gudowa daga aikin tilas na Faransi sun cika gari suna kwana zaurukan mutane. Anka gina rijiyar siminti, anka ce kasuwa can za ta koma, kuma kowane talaka za a ba shi fegi ya gina gwargwadon ƙarfinsa. Wallahi na yi murna, har na zaɓi inda zan kafa murhu a raina. Ranar rabo sai anka riƙa kiran magidanta masu biyan haraji. Na tsaya gefe da wasu mata har rana ta take, ba a kira ni ba. Da na tambayi mai unguwa, ya ce fegi na mai gida ne, in yi haƙuri.

Yanzu kowa ya tashi. Sun kwashe azara da ƙyamare, sai bangaye tsaye. Tasalla, wadda katanga guda ta raba mu tun ina amarya, wadda ke miƙo mini garwashi ta bisa katangar, ita ma ta koma. Tana leƙo ni, amma ga jikoki ga nisa, kuma in ta zo sai in ce mata lafiya lau, don kar in ɗora mata nauyi. Da safe ba ni jin dakan kowa sai nawa. Masallacin unguwa an daina kiran salla, da inuwa nike gane azahar. In na dafa kalwa babu mai kama mini surfe. Rannan na iske kaina ina ba akuyata labarin kasuwa.

Ƙanen mijina, Yari, ya aiko daga Amarawa in komo gidansa. Mutumin kirki ne, ban da abin faɗi a kansa. Amma can zama zan yi a miƙo mini tuwo, masu sayen daddawata kuwa nan suke. Kuma Ruƙayyatu in ta samu ƙetarowa ran kasuwa, Illela kawai take iya kaiwa ta koma kafin yamma. Ban ba shi amsa ba, ya fara jin haushi, wai mutane za su ce ya yar da matar wansa. Ga hadari ya fara haɗowa, bangon ɗakina na gabas ya tsage, kuma an ce bayan damina za a baje kufan nan duka. Malam, mi zan yi?

Mai daddawa, Illela.

Iya mai daddawa,

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya ba ki ladan haƙuri.

En'e ba ta yi laifi ba da ta ɗauke mutane daga bakin fadama, kuma baƙin da suka gudo su ma suna bukatar inda za su sa haƙarƙarinsu. Kuskuren yana wajen rabo: an ƙirga masu haraji, an manta da ƙirga gidaje. Wanda aka tasa daga gidansa ya cancanci madadinsa, mace ko namiji. Mai unguwa ya faɗa miki abin da aka faɗa masa ne, maganar ba ta ƙare a bakinsa ba.

Gidan nan gado ne. Ke da 'yarki kuna da haƙƙi a cikinsa, Yari ma yana da shi. Saboda haka ki daina yi masa shiru. Ki je Amarawa da ƙafarki, ki gode masa, ki faɗa masa dalilanki kamar yadda kika faɗa mini, sannan ki roƙe shi ya shige miki gaba zuwa wurin alƙali da hakimi, a nemi fegi da sunan magadan Idi. In ya yi wannan, babu mai cewa ya yar da ke. Ki kuma nemo matan da kuka tsaya tare ranar rabo, ku tafi gaba ɗaya. Kukan mace ɗaya ana iya ce masa haƙuri, na mata da yawa sai an zauna a kansa.

Amma ina ja miki kunne. Kada damina ta same ki a ƙarƙashin tsagaggen bango. Ko an ba ki fegi gobe, gini ba zai tashi ba sai kaka. Ki kwashe azararki da ƙyaurenki ki kai ajiya, ki yi damina wurin Yari ko wurin Tasalla. Ita kuma ki daina ce mata lafiya lau. Maƙwabciyar da ta yi shekaru tana miƙo miki wuta za ta fi jin zafin ɓoyon da kike yi mata fiye da nauyinki, kuma 'ya'yanta ne za su kira miki gayya ranar kwaɓa ƙasa.

Allah ya sa hakimi ya saurare ku, ya ba ki sabon gida cikin mutane, ya sa ki shige shi da ƙafar dama.