Kada a Juya Faifan Delu

Hajiya Safiyya Labaran,
Layin Tsamiya, Unguwar Rimi,
Kaduna.
Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga
Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Taskace Muryoyin Jiya,
Doka, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FAIFAN GARMAHO NA MAHAIFIYATA, DA KWAMITIN ZAƁI TSAKANIN KAN ALLURA DA AKWATIN ƘARFAFA SAUTI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatanka waɗanda Allah ya hore wa juriyar zaman taro, ni Safiyya Labaran, shugabar makarantar firamare mai ritaya, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka.

1. Ranar Talata, 6 ga Fabrairun bana, na kawo wa Cibiyarka faifan garmaho guda ɗaya, bayan na ji sanarwarku a rediyo cewa kuna kwafe tsofaffin muryoyi zuwa kwamfuta don kada su salwanta. A faifan akwai muryar mahaifiyata, Delu 'yar Rigachikun, tana rera waƙoƙin reno. A shekarar 1968 aka ɗauki muryar tata domin wani shirin mata na rediyo, aka yanka kwafi ɗaya tak aka ba mahaifina. Shekara na zagayowa ta rasu, ina da shekara uku, ban riƙe muryarta ba. Mahaifina ya naɗe faifan a zaninta ya saka a adaka, har ya koma ga Allah bai yarda an ɗora masa allura ba, domin an gargaɗe shi cewa irin mai laushin nan ne da ke cinyewa duk sanda aka kunna shi. Na faɗa wa Malam Rilwanu, shugaban sashen fasaha, wannan gargaɗi baki da baki, ya yi ta gyaɗa kai har na ɗauka yana saurarona.

2. A ranar aka ɗora faifan. Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar mace na lallashin jariri a maƙwabta, amma kowace kalma tana fita. Na ji uwata. Na yi kuka a gaban yaran da na isa haifa, ban kuma ji kunya ba. Na roƙa a kwafe hakanan, aka ce a'a, sautin bai kai matsayin da Cibiya ta ɗaukar wa kanta ba. Malam Rilwanu ya ce sai an sayi sabon akwatin ƙarfafa sauti, wato ɗan akwatin da ke ɗaga muryar faifai kafin ta shiga kwamfuta. Malam Alhassan, mai kula da taska, ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau, kan allurar ne ya dakushe. Kasafin bana kuwa ɗaya kaɗai ya amince a saya. Da yake magana ce da ta fi ƙarfin mutum biyu, sai aka kafa mata kwamiti na mutum bakwai.

3. Ina jinjina wa wannan kwamiti. Duk Alhamis yana zama, ba ruwan sama ba rana, da lemonsa da cincin ɗinsa. Kuma ba ya yanke hukunci da ka, sai ya saurara da kunnensa. To wane faifai za a saurara? Na Cibiya ba sa fita daga taska sai da sa hannunka, kuma in ɗaya ya karce akwai wanda zai amsa tambaya. Nawa kuwa na talaka ne, ba mai amsa komai. Saboda haka Malam Rilwanu ya kunna don a ji yadda murya ta yi ƙasa, Malam Alhassan ya sake kunnawa don a ji ƙarar karce, in wani mamba ya makara a mayar da allura farko don kada a tauye masa haƙƙi. Ba ji na yi a gari ba. Sakatariyar kwamitin ce ta ba ni labari da fara'arta, har tana yi mini albishir cewa duk ofis ya haddace waƙar farko.

4. A watan Yuni na ce ɗana Zakariyya zai aiko da sabon kan allura daga Legas, kyauta, a huta. Aka gode mini sosai, aka kuma sanar da ni cewa babu ƙa'idar karɓar kyauta daga hannun jama'a, amma za a duba yiwuwar kafa ƙaramin kwamiti a kai. Na ce to a ba ni faifaina in tafi. Aka ce ai yanzu ya zama hujjar kwamiti, ba ya fita sai rahoto ya fito. Matar da ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, ga ta ta samu aikin gwamnati bayan rasuwarta, ba hutu ba fansho.

5. Ranar Alhamis, 31 ga Oktoba, aka karrama ni da kujera a bayan ɗakin taro. Aka ɗora faifan. Ranka ya daɗe, abin da ya fito ƙarar tafasasshen mai ce a kasko. Can ba a rasa ba sai guntuwar kalma ta leƙo ta koma. Da aka ɗaga hannun garmahon, na ga baƙar ƙura ta dunƙule a bakin allurar, Malam Alhassan ya sunkuya ya hure ta. Wannan ƙurar muryar uwata ce. Na zauna ina kallo tana sauka a kan tebur, kusa da farantin cincin.

6. Sai dai ranar ba ta tafi a banza ba, kuma ya dace in taya ka murna. A karon farko tun Fabrairu, Malam Rilwanu da Malam Alhassan sun yi baki ɗaya: sun gano cewa faifan ne ba shi da kyau. Har musabaha suka yi. Daga nan kwamiti ya zartar cewa, domin a yi wa akwati da allura adalci, ranar Alhamis mai zuwa, 14 ga Nuwamba, za a juya faifan a soma gwaji da ɗaya gefen, tunda shi sabo ne fil, allura ba ta taɓa hawansa ba.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Darakta, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ya ba da umarni a rubuce kafin safiyar Alhamis cewa kada kowa, komai muƙaminsa, ya juya wannan faifai. Ina kuma roƙon a sallame shi daga aikin hujja a miƙo mini shi hannu da hannu.

Game da zaɓin da ke gaban kwamiti, ba ni da ilimin sa baki. A sayi akwati, a sayi allura, ko a ci gaba da zama har ranar ritayar kowa, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban san abin da ke ɗaya gefen ba. Ko waƙa ce, ko magana ce, ko sunana ta kira a ciki, ban sani ba, kuma babu mai rai da ya sani. Shi ne kaɗai abin da ya rage mini na Delu. Na yarda in mayar da shi adaka in mutu ban ji ba, da a ce mutum bakwai su haddace shi kafin ya ƙare.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da ta dace da ofishinka.

Mai biyayya,

Safiyya Labaran
'Yar marigayiya Delu ta Rigachikun