Umma Tana Jiran Baiti

Limancin Kona, Zariya.

Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti Rahama da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal?

Jikin Umma yana nan yadda ka bar shi, tun da ɓarin jikin ya shanye magana ba ta dawo ba. Amma ranar Talata ina shafa mata mai a ƙafa, sai na ji ta rera amshin waƙar nan da marigayi Baba yake yi in ya dawo daga masallaci: "Ya Rabbi kai mu gida lafiya." Tsaf ta fito da shi, ba gargada. Sannan ta tsaya tana kallon bakina. Sai daga baya na gane baiti take jira. Ka san ita ce 'yar amshinsa, shi ya ja baiti, ita ta karɓa tana tankaɗe. Likita ya ce mu riƙa ja mata, mai yiwuwa ta nan maganar za ta dawo.

To me zan ja? Ina goye Baba ya rasu, kuma bai rubuta ta ba, wai waƙar cikin gida ce. Na je har Kusfa wajen abokansa, ba wanda ya taɓa jin ta.

Abin dariya, wannan zangon muke yin kwas ɗin falsafar waƙa a jami'a. Kullum muna cikin aji ana ta musu: a takarda waƙa take zaune, ko a bakin mai rerawa? Ni ce sarkin ɗaga hannu. In dawo gida in tsaya gaban Umma baki a buɗe.

Kai da ka girma kana jin ta, don Allah ka matse wannan kan naka mai mantuwa, ka rera abin da ka tuna ka turo ta waya.

Ƙanwarka,
Barira.

*

Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin 'yarka Ihsan ya sauka.

Na ga saƙonka. Muryar taka dai sai a hankali, amma Allah Ya saka da alheri. Baiti biyun da ka tuna na haddace su a motar makaranta, na zo na rera mata. Na ja na farko, ta karɓa. Na ja na biyu, ta karɓa, har gefen bakinta mai lafiya ya yi murmushi. Sannan ta gyara kai tana jiran na uku. Na koma na farko, ta ƙi. Ta san ba nan waƙar ta nufa ba.

Sai na ce bari in gwada abin da ake koya mana. Na auna karin waƙar, na daidaita amsa-amo, na ƙaga baiti nawa. Malaminmu da na nuna wa ya ce ba inda ya karye. Na rera mata, ta saurara har ƙarshe, ba ta karɓa ba. Ta dai kama yatsana da hannun hagu ta ɗan matsa, irin yadda take yi in na kawo miya gishiri ya yi yawa, ba ta son ta faɗa.

Yaya, ban san abin yi ba, kuma tsoro nake ji. Da farko kullum take rera amshin, yanzu sai a kwana biyu ba ta yi ba. Jibi muke jarrabawa, na tabbata za a tambaye mu inda waƙa take zaune. Na sani, sauran tamu tana cikin Umma, kowane baiti, tana jin sa a ranta, ba ta da bakin da za ta ba mu.

Kada ka ce ka gama tunowa. Ko rabin layi ne, turo. Yau da safe ta sake yin amshin, sannu-sannu, amma ba bakina ta kalla ba, ƙofar zaure ta kalla.

A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Barira.