Gidan Sauron da Aka Ba Tattasai

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Kwatano. Ina fata ke da Baba kuna lafiya, da duk mutanen Droum.

Ni lafiya lau nake. Ɗan zazzaɓi ne ya kwantar da ni kwanan baya, lokotoron asibiti ya ce sauro ne, amma kada ki damu. Sauron garin nan bai san rani ba, Inna. Namu na gida da an yanke gero sai ya tafi. Na nan kuwa cikin kwata da tsofaffin tayoyi yake haihuwa, har da rana tsaka yana cizo.

Hamisu ya turo mini hoton garkarsa. Na gane gidan saurona, wanda na roƙe ki ranar tafiya kika ce a bar wa gida. Ashe shi aka ba ya rufe irin tattasai saboda kaji. Ba komai, autanki ne, Allah ya sa albarka.

In direban motar albasa zai taso zuwa nan, ki aiko mini da gidan sauron ko da ya yage. In kuwa tattasan bai yi ƙwari ba tukuna, a bar masa. Ni ɗan fari ne, na saba.

Ɗanki,
Lawali