Kafin Ruwan Ya Nuna

Ƙafin Maiyaki

Ƙanena Ghali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin otal ɗin naku na Kaduna. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ɗaki ɗaya muke wuni da Baba, kuma shanyewar ɓarin jikin nan ba ta taɓa kunnensa ba, duk abin da na faɗa a waya yana ji.

Akwatin gilashin da ka aiko ta hannun Sale direba ya iso bai fashe ba. Na cika shi da ruwan rijiya, na jona ɗan injin da batirin sola, yana ta kumfa. To, ina kifin? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kamun kifi a kwalekwale a dam ɗin Tiga, shi ka aiko wa gidan kifi fayau. Ya dube shi sau ɗaya, ya ce ruwan nan matacce ne, ya mai da fuskarsa bango.

Ghali, ba ya cin abinci. Tun da aka ɗauko shi daga bakin dam zuwa gidana, ba ya tambayar komai sai ko ruwa ya ja baya. Kuma ba ya yarda kowa ya juya shi ko ya ba shi koko sai ni, ko mijina Baban Husna bai yarda da shi ba. Rabona da ƙofar gida tun kafin azumi, shagon ɗinkina har na manta launin ƙyaurensa. Na gaji, kuma ina jin tsoro. Zan sa a samo kifi a zuba, ko ya sami abin kallo.

Ka gaida Aisha Humaira.

Yayarka,
Mariya

*

Kaduna

Yaya Mariya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Don Allah kada ki zuba kifi yanzu. Baba ya yi gaskiya, sabon ruwa sai ya nuna. Kashin kifi guba yake zama a ruwa, kuma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar. A sabon gilashi babu su, sai sun yi fiye da wata kafin su yaɗu. In kifi ya mutu a gaban idon Baba, kin san yadda zai ɗauke shi.

Amma akwai hanyar gaggawa. Ga tsohon soso nan a cikin kwalba, na ciro shi daga matatar babban gilashin otal ɗinmu, halittun suna cikinsa. Ki sa shi a injin yadda yake, kada ya bushe. Kullum ki barbaɗa ɗan abincin kifi ya ruɓe, shi za su ci. Ga kuma 'yan takardun awo, ki riƙa tsomawa. Ranar da launin ya daina canzawa, ruwa ya nuna.

Ina neman hutu, ba a ba ni ba tukuna.

Ƙanenki,
Ghali

*

Ƙafin Maiyaki

Ghali,

Gaisuwa mai yawa. Ka zauna kafin ka karanta.

Sale ya miƙo kwalbar da hantsi, takardarka kuma ya manta ta a aljihun mota, sai bayan la'asar ya dawo da ita. Na buɗe kwalba, na ga soso baƙi ƙirin cikin ruwa mai ƙarni. Na ce lalle Ghali bai canza ba, wannan ƙazantar zai sa a ɗakin marar lafiya, kusa da inda yake sallah a kwance? Na tafasa ruwa, na sa sabulu, na dirje shi har ya koma fari tas, na shanya a rana. Da takardar ta zo na karanta, sai na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Baba ya ji ni. Da na gaya masa abin da na yi, sai ya yi dariya, karo na farko tun da ya kwanta, da rabin bakin nan nasa. Ya ce halin Inna na ɗauko, ita ma ta taɓa wanke masa sabuwar komarsa ta kamun kifi da sabulu. Amma har yanzu 'yan cokula yake sha ya kau da kai. Wuyan hannunsa ya zama kamar na yaro. Wata guda ya yi mana nisa, Ghali. Ka aiko wani soson.

Mariya

*

Kaduna

Yaya,

Salamu alaikum. Laifina ne, da na liƙa takardar a jikin kwalbar. Kuma ki tambayi malam, kashin kifi ba najasa ba ne.

Wani soson ba zai samu ba yanzu, in na sake cirewa kifin otal ne za su mutu. Amma halittun nan suna jikin duk dutsen da ya daɗe a cikin ruwa mai kifi. Ki roƙi Baban Husna ya hau babur ya je dam, ya ɗebo tsakuwa masu santsi a bokiti da ruwansu. Ki zuba su da santsinsu. Yaya, na roƙe ki, ki ɓoye sabulun.

Ghali

*

Ƙafin Maiyaki

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Da Baba ya ji za a je dam, shi ya faɗi inda za a ɗebo: daidai wurin da tsohuwar hanyar garinsu ta gangara ta nutse, hanyar da suka biyo da kaya a ka lokacin da ruwa ya ci garin yana yaro. Na zuba tsakuwar ina toshe hanci. Ruwa ya yi duhu, ya washe, kuma tun shekaranjiya takardar awo ta daina canza launi. Baban Husna ya koma ya karɓo 'yan ƙananan karfasa wurin abokan Baba.

Baba ya juyo daga bango, Ghali. Ya wuni yana kallonsu. Sai dai su kifin ba su san gilashi ba, daga wannan kusurwa su doki waccan, su dawo. Ina zaune ina jiran ya ce a kawo abinci, sai ya daina kallonsu ya koma kallona.

Ya ce, "Mariya, yaushe rabonki da fita?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ya ce, "Gobe ki mai da su dam. Ke da kanki. Mijinki ya zauna da ni."

Na ce duk wahalar nan fa, Baba? Ya rufe ido. Ban san me zan ce maka ba.

Mariya

*

Ghali,

Salam. Na je a motar Sale. Na shiga ruwa har gwiwa a inda hanyar ta nutse, na karkata bokitin, suka tafi ko waige babu. Na daɗe a tsaye.

Da na dawo, Baba ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya, wurin da laka ta bushe, ya kai hancinsa. Ya ce in zauna in gaya masa yadda ruwan yake, kada in tsallake komai. Ina faɗa, Baban Husna yana ba shi koko, har kwanon ya ƙare bai lura ba.

Gilashin yana nan, ruwa ya nuna, ba kowa a ciki. Baba ya ce kada a kashe injin, kuma Juma'a mai zuwa in sake komawa dam in dubo masa.

Yayarka,
Mariya