Na Ɗora Mijina a Kan Raƙumin da Ba Mu da Shi

Gwaggo Zalika, don Allah don Annabi ki taimake ni. Alƙalamina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina, saura kwana goma sha biyu asirina ya tonu a gaban soja.

Ni 'yar Tasawa ce, na yi lakwal har aji shida. Bara aka kawo ni gidan mijina Ishaƙu, a wani zangon Bugaje arewa da garin Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi. Na ce zango don haka takarda ta ce, amma tun da farin saba'in da uku ya kwashe musu dabbobi suka kafa bukkoki suka kama hauya. Abin da ya rage farin bana ya ƙarasa. In ana rabon abinci a ƙauye a ce mu makiyaya ne, in ana yi wa makiyaya a ce mu manoma ne. Jemage dai, ba tsuntsu ba dabba.

Ni kuwa ba ni da aibi sai karatun 'yan littattafan soyayya da yayana ke sayo mini daga Kano. Tuwo ya sha ƙonewa a kansu.

Wata huɗu da suka wuce gwamnati ta ce za ta taimaki "tiribu", wato zangunan makiyaya masu hakimi a rubuce, su kafa 'yan tsaro saboda gobarar daji da satar dabbobi. Za a ba da usur da adduna da takalma, sannan jar dawa duk wata ga masu tsaron. Dawar nan ita ce magana. Surukina Baba Laminu shi ne hakimi, sunansa na rubuce a biro, wato ofishin gwamnati, tun zamanin Nasara, wannan sharaɗi mun cika. Saura kuwa: samari goma majiya ƙarfi, abin hawa mai sauri na kai labari wurin jandarma, da rahoton aƙalla fitina uku kowane wata.

Samarinmu duk sun tafi cin rani. Abin hawa, jaka ɗaya ce mai ɗingishi. Fitina kuwa, ina ciyawar da za ta ci wuta? Ɓarawo in ya zo sai dai mu roƙe shi ya bar mana wani abu.

Baba ya ce tunda ni ce 'yar lakwal in rubuta, in gyara magana kaɗan. Wallahi kaɗan na yi niyya. Na rage wa tsofaffi goma shekara talatin-talatin, har da Kawu Mahaman da sai an tallabe shi yake tashi. Da na zo kan jakar sai na ji kunya, na rubuta farin raƙumi mai suna Walƙiya. To raƙumi irin wannan ai sai da mahayi. Sai na ɗora Ishaƙu, dogo, mai faɗin ƙirji, idanunsa kamar taurarin asuba. Mahayi irin wannan kuma sai da abokin gaba, shi ne na kawo Mai Jan Rawani da yaransa arba'in.

Mushe Filibus, wani dattijon Kirista mai keken rubutu a ƙofar biro a Mayahi, shi ke mayar mana da Faransanci. Mutum ne mai amana, ba ya rage ko wasali, har taurarin asubar ya sa. Ishaƙu ya dangwala yatsa a matsayin shugaban 'yan tsaro, bai san abin da ke ciki ba.

Aka ba mu kayan, Gwaggo. Wata uku ke nan ana ɗora tukunya a zangon nan. Ni kuma wata uku ina rahoto. A na biyu Ishaƙu ya kashe gobara da rawaninsa. A na uku an sare shi a kafaɗa, ya ce da jandarma ba komai, tunanin matarsa ne maganinsa. Na ji an ce ma'aikatan biro taruwa suke a karanta musu, har masinja ya tambaye ni yaushe na huɗu zai fito.

Ishaƙun gaskiya gajere ne, da 'yar tumbi, kuma tun da raƙumi ya cije shi yana yaro ko kashinsa ya gani sai ya sake hanya. Abin da ya iya shi ne raba faɗan bakin rijiya da ba'a, sannan shi ya kai matar maƙwabcinmu likita a kan jakar nan ranar da haihuwa ta zo mata da gardama. Wa zai karanta wannan? Ran kasuwa jandarma biyu suka ƙame masa, ya dawo gida yana tambayata ko ya yi kama da wani babba ne. Wani mai sayar da gishiri kuma ya tuɓe jan rawaninsa yana yawo da kai a rana, don an fara tambayarsa ina yaransa.

Yanzu Kumandan, sojan da ke mulkin Mayahi, ya aiko zai zo da kansa ya maƙala wa jarumi lambar yabo, kuma yana son ya ga Ishaƙu ya yi sukuwa a kan Walƙiya, samari goma na biye a guje. In ya ga gaskiya rufe mini miji zai yi, shi ya dangwala. Na yi tunanin aro raƙumi in shafe shi da farar ƙasa. Na yi tunanin kashe Walƙiya a rahoto na huɗu, na fara rubutawa kuka ya hana ni. Abin kunyar ma, wani lokaci in na dubi mijina yana suɗar kwano sai in ji ina kewar wancan. Na haɗo miki shafi ɗaya ki gani. Yaya zan yi?

Matar Jarumin Takarda

*

'Yata,

Shafin da kika haɗo na karanta shi sau biyu, miyata ma ta kama. Allah ya ba ki baiwa, wurin zuba ta ne kika kuskure.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba. Wanda ya zauna a biro ya ce sai zango ya kawo fitina uku a wata kafin a ba shi hatsi, shi ya buɗe wa ƙarya ƙofa, don ya sa zaman lafiya ya zama asara. Surukinki ma da ya ce ki gyara magana ya san abin da yake nufi. Kuma cikin wannan fari ba zan yi wa wadda ta sa aka ɗora tukunya wa'azi mai tsawo ba. Amma yatsan da ke kan takardar na mijinki ne, ba ki gaya masa ba, ga kuma bawan Allah mai gishiri da kika sa a bakin jandarma. Waɗannan biyun naki ne.

Ki bar farar ƙasa inda take. Raƙumi na gumi, mijinki kuma zai faɗo. Kada ki kashe kowa a rahoto na huɗu, za su zo gaisuwa su nemi fata.

Yau ki gaya wa Ishaƙu, bayan ya ci ya ƙoshi. Ki karanta masa duka, zai yi fushi, amma ban taɓa ganin namijin da aka ce masa dogo ya daɗe yana fushi ba. Gobe ku sami Baba Laminu. Shi hakimi, shi zai ja ku zuwa Mayahi tun kafin ranar, Mushe Filibus ya raka ku, tunda an san shi da gaskiya. Soja na iya haɗiye ƙaryar da aka furta masa a ɗaki, wadda ta kunyata shi a bainar jama'a ce ba ya yafewa. Farkon abin da za ku faɗa: babu wani Mai Jan Rawani.

Ku tafi da sabon rahoto, gajere, mara taurari. Ki sa faɗan rijiyar da aka raba, da matar da aka kai likita, da ainihin shekarun tsofaffin, da cewa samari yunwa ce ta kore su. Wannan ma tsaro ne, kuma hakimi ya roƙa a duba sharuɗɗan. Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa a tsayar da dawar, a yi muku faɗan da kunnuwanku za su yi zafi. Ya fi ki riƙa kai wa miji fura gidan kaso.

Sannan ki sayi kaye, littafin rubutu na daban, ki zuba jarumanki a ciki iya son ranki, ba hatimi ba dangwale. Wancan mijin da kike kewa ba zai taɓa ɗebo miki ruwa ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Kumandan, ya bar ki da mijinki a gida, ya kawo mana damina mai albarka.

Gwaggonki Zalika